Ta yaya ake gane ko tsarin bibiyar shirye-shiryen tallafi na ƙasa yana aiki?

Ɗan Haɗejia:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san harkar bibiya da auna sakamako ce.

Tun 2016 gwamnatin tarayya ke gudanar da manyan shirye-shiryen tallafi: kuɗin da ake ba gidaje marasa ƙarfi, ciyar da 'yan firamare, N-Power, da ƙananan rance irin su TraderMoni. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 500 a 2016, ya ƙara amincewa da dala miliyan 800 a ƙarshen 2021. An kafa NASSCO don ta riƙe rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, an kafa ofishin biyan kuɗi na ƙasa, jihohi ma suna da nasu ofisoshin. Kowanne yana da sashen bibiya, kowanne yana fitar da rahoto. Duk da haka, a Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta amince da rajistar ba, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da shirye-shiryen NSIPA, hukumar da ke kula da tallafin, domin bincike.

To idan aka ce wa mutum ya tantance shi kansa tsarin bibiyar, daga ina zai fara? Me zai duba, gida nawa zai ziyarta, kuma idan kuɗin gyara kaɗan ne, me ya kamata a fara gyarawa?

Tsohon Odita:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da karanta kundin tsarin bibiya. Takardun nan galibi suna da kyau, ƙwararru ne ke rubuta su, kuma tun 2017 Najeriya take da rubutacciyar manufar kare marasa ƙarfi. Ba can ɗakin yake yoyo ba.

Fara da gwaji mai arha. Zaɓi adadi guda, a ce yawan gidajen da aka biya a wata ƙaramar hukuma a zagayen biya ɗaya. Nemi wannan adadin a wuri huɗu, ba tare da ka gaya wa wani abin da wani ya ba ka ba: ofishin ƙaramar hukuma, ofishin jiha, Abuja, da kamfani ko bankin da ya yi biyan. Rubuta abin da kowa ya ba ka, da kwana nawa ya ɗauka kafin ya kawo, da inda ya ciro shi, daga manhaja ne ko daga takardar Excel da ke kwamfutar wani ma'aikaci. Maimaita a ƙananan hukumomi shida ko takwas na shiyyoyi daban-daban. Samun bambanci ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne ko akwai wanda zai iya bayyana bambancin gida bayan gida. In babu, to rahotanni ake tarawa, bibiya ba ta fara ba.

Daga nan sai jeri uku. Na farko rajista. Na biyu jerin biya da aka amince da shi a wannan zagayen. Na uku shaidar karɓa daga mai biya. A haɗa su da lambar gida, ba da suna ba, don suna yana yaudara. Abin da zai faɗo yakan kasu haka: gidan da ke jerin biya amma babu shi a rajista, gidan da ya fito sau biyu, gidan da aka fitar da kuɗinsa amma babu shaidar an karɓa, da asusun da sunan mai shi ya saɓa da sunan da ke rajista. Gidan da babu shaidar an karɓa shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi sakewa. Kuɗin da ba a karɓa ba, ina ya koma? Wane asusu, bayan kwana nawa, wa ya sa hannu? Ya kamata kwangilar mai biya ta ƙayyade wa'adin mayar da ragowa, kuma kada a saki kuɗin zagaye na gaba sai an rufe lissafin na baya. Inda aka bar zagaye uku ko huɗu suka hau kan juna ba a daidaita ba, warware su sai an sha wuya, sau da yawa ma ba ya yiwuwa.

Komawa biya ta asusun banki da waya bai kashe wannan matsala ba, fuska ta canza. A da, ana tara mata a filin biya, a miƙa naira 10,000 ta wata biyu hannu da hannu, shaidar karɓa tana nufin kuɗi ya taɓa hannu. Yanzu banki zai ce an tura kuɗi lafiya, alhali matar ba ta san an buɗe mata asusu ba, ko katin yana hannun wani, ko layin wayar ya mutu. Saboda haka a raba ma'auni biyu: kuɗin da ya shiga asusu, da kuɗin da aka cire cikin kwana 30. Sannan a tambayi mai karɓa nawa ya rage a hannunta bayan kuɗin mota da abin da mai POS ya yanka. Wannan adadin ba ya cikin kowace manhaja, sai an je ƙofar gida.

Sai ma'anar ma'aunai. Kalmar "masu cin gajiya" ita ce ta fi kowace rikita lissafi. Wani ofishi gidaje yake ƙirgawa, wani ya ninka gidajen da yawan mutanen gida ya ce mutane, wani yana nufin duk wanda aka taɓa biya ko sau ɗaya tun farkon shiri, wani kuma duk wanda ke rajista ko da bai taɓa ganin ko sisi ba. Shiga rajista ba shi ne shiga jerin biya ba, kuma rashin fayyace wannan ga jama'a yana cikin abin da ya zubar da mutuncin rajistar: an rubuta sunan mutum, shekara ta zagayo bai ga komai ba, sai ya ce an cinye kuɗinsa. Kowane ma'auni yana bukatar shafi guda da ya faɗi abin da ake ƙirgawa, da me ake raba shi, daga ina ake ɗaukowa, wa ke da alhaki, kuma yaushe. A matakin ƙasa goma zuwa sha biyu sun isa. Inda ka ga ma'auni saba'in, duba da kyau, za ka tarar rabinsu ba a taɓa cika su ba.

Akwai ma'auni ɗaya da kusan kullum ake mantawa: darajar kuɗin. Naira 5,000 a wata da aka riƙa ba gida ta kusa kashi 28 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi lokacin da yake 18,000. Da ya koma 30,000 a 2019 ta zama ɗaya bisa shida. A kan 70,000 na 2024 ɗaya bisa sha huɗu ce. Tsarin bibiya mai rai zai riƙa nuna wannan duk wata uku, yana kwatanta tallafin da farashin kwanon masara ko gero a kasuwannin yankin, don masu yanke shawara su ga lokacin da tallafin ya zama na jeka-na-yi-ka.

A ƙarshe ka tambayi kanka, wa zai ƙaru idan adadi ya kumbura? A ciyar da 'yan makaranta, kuɗin mai dafa abinci ya dogara ne da yawan yara, naira 70 kan kowane yaro a farkon shirin. Idan adadin yaran daga makaranta kawai yake fitowa, to an ba kura ajiyar nama ke nan. Maganinsa ƙirga kawuna ba tare da sanarwa ba, a ranar da ba ta kasuwa ba, a kwatanta da rajistar aji da kuma ƙidayar makarantu ta shekara.

Hajiya Mai Rajista:

Na yarda da Yallaɓai Odita a kan bin sawun kuɗi, amma wannan hanya tana da makanta guda. Duk abin da ya lissafa yana kama wanda ya shiga ba bisa cancanta ba ne, ko kuɗin da ya ɓace a hanya. Ba ya ganin wadda aka bari a waje. Bazawarar da ba a taɓa rubuta sunanta ba, ba za ta fito a cikin jerin nan uku ba, kuma a ganina kuskuren barin mai cancanta shi ne mafi girma a ƙasar da binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, na 2018 zuwa 2019 ya nuna mutum miliyan 82.9 suna ƙasa da layin talauci, ban da ma jihar Borno.

Yadda aka gina rajistar shi ke nuna inda za a duba. An fara da zaɓen ƙananan hukumomi mafi talauci. A kowane gari an zauna da rukunin maza, mata da matasa daban-daban, suka faɗi abin da talauci yake nufi a wurinsu, suka lissafa gidaje, aka haɗa jerin aka karanta. Sannan masu ɗaukar bayanai suka bi gidajen da na'ura, aka yi amfani da alamomi irin su rufin ɗaki, kadara, yawan mutanen gida da karatun maigida wajen jera su daga mafi talauci. Kowane mataki yana da ramin da mutum ke faɗawa: garin da ba a kai gare shi ba, ruga ko unguwar baƙi da ba a gayyata zaman ba, gidan da aka je ba kowa saboda suna gona, da wanda lissafin alamomi ya ɗauka mai hali ne don yana da rufin kwano da ya gada.

Hanyar auna wannan ɗaya ce. A zaɓi garuruwa ta ƙuri'a, a lissafa duk gidajen garin daga farko, ƙofa bayan ƙofa, ba tare da riƙe jerin rajista a hannu ba. A auna abin da gidajen ke ci da kashewa. Bayan an dawo ofis sai a kwatanta da rajista: cikin gidaje mafi talauci, kashi nawa ne ke ciki? Hanya mafi arha ta dindindin kuma ita ce a sa NBS ta saka tambayoyi daidaitattu a manyan bincikenta na gidaje, da sunan kowane shiri yadda mutane ke kiransa a harshensu. In ka tambayi mace a ƙauye da sunan shirin na Turanci za ta ce ba ta samu ba, in ka ce kuɗin dubu goma-goma da ake ba mata, za ta gane.

Abu na biyu shekarun bayanai. A nemi a ga ranar da aka sabunta bayanin kowane gida, a fitar da kaso: nawa ne ƙasa da shekara biyu, nawa tsakanin biyu da huɗu, nawa suka haura. Rajistar Brazil, Cadastro Único, tana wajabta sabuntawa aƙalla duk wata 24. A wurinmu, inda rashin tsaro ya tashi garuruwa a Zamfara, Katsina da Sakkwato, bayanin shekara biyar labarin wani gari ne daban. Mutane sun mutu, an yi aure, an rabu, gandu ya watse. Rajistar da babu teburin da mutum zai je da ƙafarsa a ƙaramar hukuma ya ce a rubuta shi ko a gyara bayaninsa, tsufa kawai take yi.

Sai ma'anar "gida", wadda ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Hausa. Gidan mai mata uku, kowace da ɗakinta da 'ya'yanta, ana girki bi da bi, gida ɗaya ne ko uku? Ƙa'idar da aka saba ita ce masu ci daga tukunya ɗaya, amma in ba a horar da masu ɗaukar bayanai a kan misalai na zahiri ba, wannan zai rubuta ɗaya, wancan ya rubuta uku, adadin jihohi ya kasa kwatantuwa. Kuma wace matar aka rubuta a matsayin mai karɓa? 'Ya'yan kishiyarta suna ganin wani abu? Ya kamata binciken gida ya tambayi wannan a keɓe.

Game da haɗa rajista da lambar NIN da aka matsa a kai tun 2024, abu ne mai kyau don yana kashe suna biyu da sunan bogi. Sai dai a lura da waɗanda ke faɗuwa a tantancewar. Hauwa'u a nan, Hauwa a can, Hawa a banki. Muhammad, Mohammed da Mamman mutum ɗaya. Ranar haihuwa kuwa dubbai an rubuta musu 1 ga Janairu. Wadda ba ta da NIN ɗin gaba ɗaya, galibi ita ce mafi nisa da gari kuma mafi talauci. Don haka a riƙa fitar da kason waɗanda suka kasa tsallakewa, a raba shi maza da mata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da dalilin faɗuwar. In ba haka ba za a yi murnar an tsabtace rajista alhali an share masu ita.

Ɗan Haɗejia:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Yallaɓai. Saura batun yawan gidajen da za a ziyarta. Kuma shin dole ne kowane shiri a yi masa babban binciken tasiri, wato na auna ko ya canza rayuwar mutane? Na ga kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Malamin Lissafi:

Malam, yawan gidaje ya dogara da tambayar da kake son amsawa da kuma matakin da kake son amsar.

Idan kana son ka ce kashi kaza na gidaje sun karɓi cikakken kuɗinsu, da kuskuren da bai wuce maki 5 sama ko ƙasa ba, lissafin da aka sani yana ba da gida 384, in da za ka warwatsa su ko'ina ta ƙuri'a. Amma ba wanda ke yin haka, gari-gari ake ɗauka, mutanen gari ɗaya kuma amsarsu takan yi kama: in mai biya bai zo ba, duk garin bai zo wa ba. Wannan yakan kusa ninka adadin da ake bukata. Gari 40, gida 20 a kowanne, wato 800, shi ne abin da zai ba ka amsa mai tsayawa ga jiha ɗaya. Ƙara yawan garuruwa ya fi ƙara gidaje a gari ɗaya amfani. Gari 10 da gida 80-80 ɓarnar mai ce.

Idan kuwa abin da kake so shi ne ka gano ƙananan hukumomin da ke da matsala don a bi su, akwai hanyar da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna amfani da ita wajen rigakafi. A ɗauki gida 19 ta ƙuri'a a kowane yanki. In burin shi ne kashi 80 cikin 100 su karɓi kuɗi a kan lokaci, yankin da aka samu ƙasa da gida 13 cikin 19 ya faɗi, sai a aika masu bincike. Ba ta ba ka ainihin kaso na yankin, tana dai raba mai lafiya da mara lafiya, kuma mutum biyu a kan babur za su gama yanki cikin kwana biyu ko uku.

Abubuwan da ke lalata irin wannan aiki sanannu ne. A bar jami'in shirin ko mai unguwa ya zaɓi gidajen da za a shiga. A maye gurbin gidan da ba a samu ba da maƙwabcinsa ba tare da an rubuta ba, alhali rashin samun gidan shi ne labarin. A yi tambaya a gaban wanda ya rubuta sunan matar. A tura maza zalla gidajen da ba sa shiga. A dogara da kiran waya kawai, wanda ke kai ka ga masu waya da caji da sabis, su ne kuma masu dama-dama. Sannan lokaci: abin da gida ke ci a watan Agusta, rumbu ya ƙare, ba ɗaya ba ne da na Nuwamba bayan kaka. Binciken farko, na kafin a fara biya, da na ƙarshe dole su faɗo a wata ɗaya na shekara, in ba haka ba damina za ka auna ka ce shiri ne. Ramadan ma yana canza lissafin abinci, kuma yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara, a duba kalanda tun wajen tsara aiki.

Babban binciken tasiri ba kowane shiri ke bukatarsa ba, kuma ba kowace shekara ba. Cewa kuɗi a hannun talaka yana ƙara abinci a gida, an tabbatar da shi a ƙasashe da yawa tun daga Progresa, shirin tallafin kuɗi na Meziko, wanda aka fara a 1997 aka gwada a garuruwa 506, aka fara da 320 ta ƙuri'a, 186 suka jira. A ajiye kuɗin bincike don tambayar da amsarta za ta canza tsari: nawa ya kamata a bayar, na tsawon wane lokaci, me za a haɗa da kuɗin.

Muna da misali a gida. Shirin tallafin renon yara da aka yi a Jigawa da Zamfara daga 2013 zuwa 2019, wanda Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin Birtaniya, ya ba mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abinci. An raba garuruwa 210 ta ƙuri'a a ƙananan hukumomin Anka, Tsafe, Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma, aka yi binciken farko a 2014 kafin a fara biya, aka koma a 2016 da 2018. An samu raguwar tsumburewar yara da kimanin kashi 8 cikin 100 na yadda take a garuruwan kwatance, wato waɗanda ba a fara ba su tallafin ba. Abin lura ga mai tsara bibiya: an so a gwada wayar da kai iri biyu, mai zurfi da mara zurfi, amma a aikace bambancinsu bai fito sosai ba, har masu nazari suka haɗa su wuri ɗaya. Wato in bibiyar yau da kullum ba ta tabbatar an aiwatar da abin da aka tsara ba, binciken tasiri mai tsada ba zai iya amsa tambayar da aka biya shi ya amsa ba.

Kuma a tuna, binciken farko ba ya yiwuwa bayan an fara biya. Shirin da aka sanar yau aka fara rabo jibi, kamar yadda aka saba idan an shiga matsi, ya rufe wannan ƙofar.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Abu biyu daga wannan ɓangaren iyaka da suka shafi maganar Hajiya da ta Malamin Lissafi.

Shirin tallafi na Nijar da aka fara a 2011 ya riƙa ba gida jaka goma, wato sefa 10,000, a wata har wata 24. Da yake kuɗi ba ya isa kowane gari, an riƙa zaɓen garuruwa ta ƙuri'a a bainar jama'a, a gaban masu gari. Wannan ya rage zargin son kai, kuma ya samar da garuruwan kwatance ba tare da ƙarin kuɗi ba. Duk shirin da zai faɗaɗa kashi-kashi zai iya yin haka.

Na biyu, an gwada hanyoyin zaɓen gidaje kafaɗa da kafaɗa a garuruwa daban-daban: zaɓen kwamitin gari, da lissafin alamomi. Abin da ya fito ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Lissafin alamomi ya fi kai kuɗi ga gidaje masu ƙarancin abin kashewa, kuma mutanen gari, har da waɗanda ba su samu ba, sun fi ganin adalcinsa a kan zaɓen kwamiti, saboda wasu 'yan kwamiti sun karkata ga kansu da nasu. Ba na cewa haka zai kasance a Kano ko Bauci. Ina cewa tambayar tana aunuwa, kuma da an auna ta an wallafa, da gardamar rajista ta 2023 ta tsaya a kan alƙaluma.

Tsohon Odita:

Maganar ɗan'uwa na Maraɗi ta kawo mu ga abin da za a fara gyarawa. Ni ba zan fara da sayen sabuwar manhaja ba, ko da yake ita ce kowa ke fara nema.

Zan fara da wajabta amsa. Tattaro duk rahotannin bibiya da na odita na shekara uku da suka wuce, fitar da shawarwarin da ke ciki, ka bi su ɗaya bayan ɗaya: wa aka ɗora wa, me aka yi, yaushe. Wannan kaso, na shawarwarin da aka aiwatar, shi ne ma'aunin tsarin baki ɗaya. Afirka ta Kudu, a tsarin tantancewa da ta kafa a 2011, tana sa ma'aikatar da aka bincika ta ba da amsa a rubuce, ta kuma fitar da jadawalin gyara da ake bibiya. Wannan ba ya cin kuɗi, umarni yake bukata daga sama.

Sai raba mai yi da mai aunawa. Bibiyar yau da kullum aikin masu shirin ce, ba laifi. Amma tabbatar da adadi da auna tasiri su koma hannun wanda albashinsa da ƙarin girmansa ba sa hannun shugaban shirin: NBS, ofishin babban odita, ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, jami'o'i. Meziko ta yi wannan da doka a 2004, wadda ta haifar da hukumar CONEVAL mai malaman jami'a a majalisarta, ta yi kusan shekara ashirin tana auna talauci da tantance shirye-shirye. Gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2024 ya rushe ta, aka mayar da auna talauci ga hukumar ƙididdiga INEGI, abin da ke nuna ko doka ba ta isa ba in babu masu kare ta. A nan gida, lokacin da Suwizalan ta dawo da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha aka zuba su a tallafin gidaje, yarjejeniyar ta tanadi sa idon ƙungiyoyin farar hula, ƙungiyar ANEEJ ta jagoranci bin biyan a jihohi. Abin da ya kamata shi ne irin wannan sa ido ya zama na dindindin, da layinsa a kasafi, a kuma saki kuɗinsa tare da kuɗin biya. Kuɗin bibiya da ya iso wata huɗu bayan an gama rabo ba shi da amfani, mutane sun manta nawa aka ba su da ranar.

Ƙorafe-ƙorafe ma bayanai ne. Ƙaramar hukumar da ta kawo rahoton babu ƙorafi ko ɗaya a wata shida, ita za a fara ziyarta. Ko dai mutane ba su san inda za su kai ba, ko wanda za su kai wa shi ne wanda suke ƙorafi a kansa. A ba kowane ƙorafi lamba da rasit, a ware nau'insa, a auna kwanakin da ya ɗauka kafin a warware, sannan a kira kashi ɗaya cikin goma na waɗanda aka rubuta an warware musu a ji ta bakinsu.

Na ƙarshe wallafawa. Duk zagayen biya a fitar da adadin gidaje da jimillar kuɗi na kowace ƙaramar hukuma, har mazaɓa in zai yiwu, da ranar biya, a kuma sanar a rediyo da Hausa. Sunaye da lambobin waya ba sa cikin abin da za a watsa a intanet, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi wannan, kuma a yankin da ake garkuwa da mutane jerin masu karɓar kuɗi haɗari ne.

Hajiya Mai Rajista:

Ƙari ɗaya a kan wallafawa, Yallaɓai. Idan za a fitar da kason talakawan da shiri ya kai gare su a kowace ƙaramar hukuma, a rubuta a fili da wane adadin jama'a aka raba. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, duk abin da ke hannu hasashe ne a kanta, kuma garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira sun cika fiye da abin da hasashen ke nunawa. A irin waɗannan wurare gara a yi amfani da lissafin gidaje na ƙofa-ƙofa da aka yi lokacin binciken, a sa ranar da aka yi shi a gefen adadin.